Nazarin Lamari: Ajiya da Saukar da Ƙaramin Jirgin Inji a Tafkin Goronyo

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne mazaunin birnin Sakkwato, wanda ya daɗe yana sarin kifi daga hannun masunta yana kawowa birni, kuma yana da gonar rani ta albasa a wani ƙauye da ke gefen tafkin madatsar ruwa ta Goronyo. Madatsar tana kan kogin Rima, an kammala gininta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma tana ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Aikinta shi ne ta tare ruwan damina, sannan a riƙa sakinsa a hankali da rani domin noman ban-ruwa da ruwan shan birnin Sakkwato. Saboda haka tafkin ba ya tsayawa a ma'auni guda. Yakan cika wajen watan Satumba, daga nan ya riƙa ja da baya har ruwan sama ya sake sauka a watan Yuni. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar Satumbar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, haka kuma ba su manta da ranin 2018 ba, lokacin da ruwan madatsar ya ragu har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da take iya ɗauka.

Buƙatar ɗan kasuwar ita ce ya riƙa zagaya sansanonin masunta da sassafe yana kwashe kifi kafin rana ta taɓa shi, ya kuma riƙa tsallaka buhunan taki da iri zuwa gonarsa, maimakon dogon zagaye a kan babur ko jiran kwale-kwalen haya.

Jirgin da shawarar da ta biyo shi daga Legas

A watan Oktoba na 2021 ya sayi jirgin faiba (wanda ake yi da zaren gilashi da ruwan ƙaro) na hannu daga wani mai jigilar fasinja a tafkin Legas. Tsawonsa mita 5.8, faɗinsa kimanin mita ɗaya da rabi, nauyin gangar jikinsa kimanin kilo 350. Ya zo da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi, ake kuma haɗa masa fetur da baƙin mai, nauyinsa ya haura kilo 70. Motar da ta kai albasa kasuwar Mile 12 ita ce ta dawo da shi.

Wanda ya sayar ya ba shi shawara iri uku, kamar yadda aka saba a can: ko ya bar jirgin a kan ruwa a ɗaure, ko ya yi masa tirela ya riƙa saukar da shi ta gangarar siminti, ko kuma ya ja shi tudu ya ɗora a kan katako idan ba aiki. Duk ukun suna da ma'ana a bakin teku. A can ruwa yana hawa yana sauka sau biyu a yini, kuma a cikin tafkin Legas tazarar ba ta cika wuce mita ɗaya ba, ga shi duk inda ruwan ya je zai komo bayan 'yan sa'o'i. Abin da masu jirgi na can suke fama da shi gishiri ne, wanda ke cin ƙarfe ya toshe hanyoyin ruwan inji, sai ƙananan halittu masu ƙwanso da ke manne wa ƙasan jirgi, shi ya sa suke shafa fenti na musamman, suna kuma wanke inji da ruwan famfo bayan aiki. Ɗan kasuwar ya ɗauki shawarwarin nan ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Nuwamba 2021 zuwa Janairu 2022: barin jirgi a kan ruwa

Ya fara da mafi sauƙi. Aka kafa turke a mashigin ƙauyen inda masunta ke ɗaure kwale-kwalensu, aka ɗaure jirgin ta gaba da igiya, injin yana rataye a jikinsa, aka ɗora wa wani saurayi alhakin tuƙi da tsaro. A makonnin farko aikin ya tafi daidai, domin tafkin yana cike, jirgin kuma yana fita kusan kullum.

Matsala ta fara ne da iskar hunturu. Tana kaɗawa daga arewa maso gabas, ta tayar da ƙananan igiyoyin ruwa, jirgin da aka ɗaure ta gaba kawai sai ya riƙa juyawa yana gogar turke da kwale-kwalen katako da ke kusa da shi. Kafin ƙarshen Disamba farin shafen da ke rufe da faiban ya kankare a gefe guda, har zaren ciki ya fara bayyana. A cikin wannan watan ne kuma aka wayi gari babu tankin mai da tiyonsa, daga baya aka kwance farfela, wadda noti ɗaya da ƙaramin fil ne kawai ke riƙe da ita.

Babbar ɓarnar ta zo a watan Janairu. Aikin ya tsaya na kimanin mako biyu saboda rashin farfela, a daidai lokacin da ake sakin ruwa ga manoman rani. Gaɓar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, sai mutum ya yi tafiyar mita 50 cikin ruwa kafin zurfin ya kai mita ɗaya, don haka ko ruwa ya sauka da taƙi ɗaya, bakinsa zai ja baya da kusan mita goma. Da aka kawo sabuwar farfela, jirgin yana zaune a kan taɓo, ƙafar injin ta nutse a ciki domin ba a ɗaga ta ba. Majiya ƙarfi suka taru suka jijjiga shi har taɓon ya sake shi, suka tura shi cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, saurayin ya tayar da inji nan take. Injin irin wannan yana zuƙar ruwan sanyaya kansa ne ta wasu ƙananan ramuka da ke ƙasa, kusa da farfela, wata robar famfo mai fuka-fukai ce ke tura ruwan zuwa sama, ya kuma fito siriri ta baya don matuƙi ya ga alamar komai lafiya. A ranar ruwan bai fito ba, ba wanda ya lura, sai da injin ya ɗau zafi ya mutu a tsakiyar tafki.

Makanikin da ya buɗe shi a Sakkwato ya tarar da abubuwa biyu a hanyoyin ruwan: farin ɓawon gishiri da ya taru tun zamansa a Legas, da laka da yashin Rima da suka ƙarasa toshe abin da ya rage. Fuka-fukan robar sun kakkarye. Kayan gyara daga Yawuri aka samo su, inda jiragen inji suka yawaita a kan kogin Neja.

Fabrairu zuwa Mayu 2022: tirela daga birni

Bayan gyara, ɗan kasuwar ya yanke shawarar ba zai ƙara barin dukiyarsa a bakin ruwa ba. Wani mai walda ya haɗa masa tirela da gatarin tsohuwar mota, aka riƙa ajiye jirgin a gidansa na birni ƙarƙashin rumfa, a ja shi da a-kori-kura ta hanyar Achida zuwa Goronyo duk ranar da za a yi aiki. Sata ta tsaya cak, jirgin kuma ya huta da gogayya.

Sai dai saukar da shi ya zama jidali. Gangarar da ake ginawa domin tirela akan yi ta ne da gangaren kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, wato a kowace mita bakwai ko takwas ƙasa ta sauka da mita ɗaya, ta yadda jirgi zai taso kan ruwa alhali tayoyin mota na baya ba su wuce bakin ruwa ba. A gaɓar da ake magana, kafin a samu zurfin santimita 60 da zai ɗaga jirgin daga kan tirela, sai an yi baya da ita mita 30 cikin ruwa. Ba motar da za ta yi haka ta fito lafiya. Aka koma kwance tirelar ana tura ta da hannu, amma ƙasar da ruwa bai daɗe da barinta ba yaudara gare ta: samanta ya bushe ya tsattsage, ƙarƙashinta kuwa taɓo ne. Sau biyu motar ta kafe har gatari, na biyun sai da aka nemo tarakta daga wata gona.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da ido. Tirelar da ta yi tafiyar fiye da awa guda a kan kwalta cikin zafin Afrilu, wanda a Sakkwato yakan haura digiri 40, boris ɗin tayoyinta suna ɗaukar zafi sosai. Idan aka tsoma su cikin ruwa nan take, iskar da ke ciki takan takure ta zuƙo ruwa da laka, giris ya lalace, tsatsa ta kama. A farkon Mayu boris ɗin ɓangare guda ya cije a hanya, sai da aka bar tirelar a hannun wani mai faci aka koma washegari.

Abin da ya fi komai kashe wannan tsari shi ne lokaci. Masunta da asuba suke dawowa da kifi, halin tsaro a gabashin jihar kuwa bai bar wa mai hankali damar kama hanya cikin duhu ba, ko a tafiya ko a dawowa. Kafin a iso, a sauke, a tayar da inji, rana ta take, wasu 'yan sari sun riga sun kwashe na kirki. Fitar ta ragu daga kusan kullum zuwa sau ɗaya a mako, daga baya ma ta gaza haka. Zaman ya jawo nasa ciwon, domin haɗaɗɗen man da ya kwana makonni a cikin kafireto (inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji) a irin wannan zafi yakan bushe ya bar danƙo, ya toshe 'yan ramukan da mai ke bi. Injin ya koma sai an sha ja kafin ya tashi.

An yi tunanin gina gangarar siminti, har an tuntuɓi magini. Da aka auna nisan da ke tsakanin inda ruwa ke tsayawa a Satumba da inda yake komawa a Mayu, aka ga ana maganar ɗaruruwan mitoci ne, ga kuma batun neman izini, tunda gaɓar madatsa ba filin wani ba ce. Nan maganar ta tsaya.

Yuni zuwa Satumba 2022: ajiya a tudu

Da damina ta kama, aka mayar da jirgin ƙauye aka ja shi ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, aka ɗora shi a kan bulo biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, aka lulluɓe shi da tamfol. Injin aka kai birni. Ba a cire toshiyar ramin zubar da ruwa da ke ƙasan bayan jirgin ba, tamfol ɗin kuma ba a yi masa tozo a tsakiya ba, sai ya lotsa, ya tara ruwa, ya yage.

Lissafin a nan mai sauƙi ne. Bakin jirgin ya kai murabba'in mita bakwai, don haka ruwan sama na milimita 50, wanda hadari guda na watan Agusta zai iya zubarwa, lita 350 ne a ciki, wato kilo 350, daidai da nauyin jirgin kansa. Shekarar 2022 kuwa an sha ruwa, har ambaliya ta shafi yawancin jihohin ƙasar. Jirgin faiba an yi shi ne ruwa ya tallafe shi ko'ina, ba a rataye shi a wuri biyu da kaya a tsakiya ba. Da aka je dubawa a ƙarshen Agusta, cikinsa ya zama kududdufi, ƙasan ya lanƙwashe, ya tsage kimanin taƙi biyu kusa da bulon baya. A makon ne kuma tafkin ya hau har ya kusa taɓa gindin bishiyar, aka kwashe ruwan da bokiti aka gusa da jirgin cikin gaggawa. Wani mai gyaran tankunan ruwa ya liƙe tsagar da zaren faiba da ruwan ƙaro a watan Satumba.

Oktoba 2022: sabon tsari

A wannan gaɓa ne ɗan kasuwar ya je ya zauna da Sarkin Ruwan ƙauyen, wanda tun farko yake kallon abin da ke faruwa bai ce uffan ba, tunda ba a tambaye shi ba. Da ya gama jin bayani sai ya ce: "Alhaji, ruwan ga ba shi jiran kowa. In ka aje jirgi nan yau, wata guda sai ka ishe shi bisa tudu. Mu bin shi muka yi." Tsarin da aka fitar bayan wannan zama ya tsaya a kan abubuwa da dama, wasu daga sanin masunta, wasu daga makanikin.

Na farko, aka raba inji da jirgi. Aka sayar da mai doki 40 aka sayi mai doki 15, wanda nauyinsa bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya zai iya saɓa shi. Kullum bayan aiki matuƙi yakan cire tiyon mai ya bar injin ya shanye abin da ke cikin kafireto har ya mutu da kansa, sannan a kwance shi a kai wani shago mai ƙofar ƙarfe a cikin ƙauye, a rataye shi tsaye a kan katako domin ruwan cikinsa ya tsiyaye. Mai kuwa a wata rumfa daban ake ajiye shi, nesa da ɗakin kwana da murhu.

Na biyu, aka daina dogara da mashigi guda. Daga Satumba zuwa wajen Janairu ana amfani da wata gaɓar marmara kusa da ƙauye. Idan ruwa ya bar ta, sai a koma bakin tsohon kwarin kogi, inda ƙasa ta faɗa da sauri kuma ruwa ba ya ƙafewa, wurin da masunta suka san shi tun kafin a gina madatsar. Kowace Juma'a matuƙi yakan kafa sanda a bakin ruwa, tazarar da ke tsakanin sandar makon jiya da ta yau ita ke nuna saurin janyewar ruwan da lokacin da ya kamata a gusa.

Na uku shi ne abin jan. Aka yanke tirelar aka mayar da ita amalanke mai ƙafa biyu, aka sa mata tayoyi masu faɗi da aka rage wa iska, aka cire boris aka sa bututun ƙarfe mai sauƙi da ake cusa wa giris, tunda ba za ta ƙara hawa kwalta ba. Aka shimfiɗa mata katako biyu dogaye, lulluɓe da tsohuwar taya, da ke tallafe jirgin daga gaba har baya. Mai janta kuwa shanun huɗa ne na wani manomi, waɗanda da rani ba su da aikin da ya wuce jan kaya. Bijimai biyu suna ratsa taɓon da mota ke kafewa a ciki, suna shiga ruwa har ciki ba tare da wani abu ya lalace ba, jirgin da babu inji a jikinsa kuwa bai fi nauyin 'yan buhunan gero ba.

Na huɗu, aka sa ƙa'idar lokacin da jirgi zai kwana a ruwa. Idan ana aiki a jere, yakan kwana a ɗaure gaba da baya, igiya a turke, anga a wajen zurfi, nesa da sauran kwale-kwale, da tsofaffin tayoyi a gefensa. Idan zai yi mako ba aiki, ko kuma an shiga lokacin hadari mai iska na farkon damina da ƙarshenta, wanda kan taso daga gabas ba sallama, sai a fitar da shi. A tudu yana zama ne a kan amalankensa, gaba a ɗage, toshiya a cire an ɗaure ta da zare a jikin jirgin don kada ta ɓace, ƙarƙashin rumfar kara mai tozo da ke tare rana da ruwa.

2023 zuwa 2024: sakamako

A rani biyu da damina biyu da suka biyo baya ba a ƙara samun sata ba, jirgin bai ƙara zama a taɓo ba, facin da aka yi bai buɗe ba. Ana sauya robar famfon ruwa da man giyar inji sau ɗaya a shekara kafin a fara aikin kaka, matuƙi kuma ba ya barin gaɓa sai ya ga siririn ruwan nan yana fita, ba ya kuma tayar da inji sai ya tura jirgi da gora zuwa inda zurfi ya kai ƙugu. Saukarwa ko fitarwa ba ta wuce rabin awa, jirgin yana kan ruwa kafin masunta su dawo. An sayi rigunan kariya ana ajiye su tare da inji, kamar yadda Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa take buƙata.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara wa sauyin inji daraja ba tare da an shirya ba. Mai doki 40 yakan sha kusan lita 20 a awa idan an sake masa wuta duka, mai doki 15 kuwa ba ya kai lita 8. A ɗaya ɓangaren, jirgin ya daina tashi yana gudu a saman ruwa, ya koma tafiyar hankali, musamman idan an loda taki, don haka sansanoni biyu mafi nisa suka fita daga zagayen safe.

Hukunci

Hanyoyi ukun da aka kawo daga Legas ba kuskure ba ne a kan kansu, kuma kowacce ta magance abin da aka yi ta dominsa. Abin da ya kayar da su duka abu ɗaya ne, wato an gina su a kan cewa bakin ruwa yana nan inda aka bar shi. A bakin teku haka ne, ruwa yana kai da komo a tsakanin iyakoki biyu sanannu. A tafkin madatsa kuwa bakin ruwa tafiya yake yi wata takwas ko tara yana nisa, sannan ya dawo cikin watannin damina. Turke, da gangarar siminti, da bulo a gindin bishiya duk abubuwa ne kafaffu. Tsarin ƙarshe ya yi aiki ne saboda an rage nauyin kowane ɓangare har ya zama ana iya gusa da shi da abin da ƙauyen ke da shi, mutum ɗaya ga inji, bijimai biyu ga jirgi.

A ganina raba inji da jirgi shi ne matakin da ya fi kowanne tasiri, domin shi kaɗai ya kawar da sata, ya sauƙaƙa ja, ya kuma tilasta a riƙa duba injin kullum. Ɓarnar damina kuwa ba ta da alaƙa da teku ko tafki, sakaci ne da toshiya da kuma ɗora jirgi a wuri biyu, kuma da a Legas aka yi haka sakamakon ɗaya ne. Haka nan injin da aka sayo daga ruwan gishiri ya kamata a buɗe hanyoyin ruwansa a wanke tun kafin ya fara aiki.

Tsarin yana da rauni a wurare biyu. Ya dogara da mutane, matuƙi da mai shanu da mai shago, kuma a tsakiyar damina, lokacin da shanun ke gona, akan jira har yamma kafin a samu mai ja. Sannan ba a gwada shi a shekarar fari irin ta 2018 ba, lokacin da tazarar da ke tsakanin ƙauye da tsohon kwarin kogi za ta iya wuce abin da mutum zai saɓa inji ya taka kullum. Ɗan kasuwar yana shirin yin ƙaramar kurar hannu domin injin kafin rani mai zuwa.